Me ake kallo a zanen da bai yi kama da komai ba?

Abban_Sadiq
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware mini. Ɗan yayata yana karatun zane-zane a jami'a, yana aji 3. Ya matsa mini sai na raka shi wani baje kolin zane a Abuja, na bi shi. Wasu zanen na gane su sarai: mace ɗauke da tulu, mahaya a hawan sallah, 'yan kasuwa a rumfa. Waɗannan sun burge ni. Amma akwai wani ƙaton ƙyalle da ya kusa cinye bango, babu mutum a ciki, babu doki, babu itace. Ja ne da baƙi da ruwan ɗorawa, an shafa, an kankare, an sake shafawa, sai wani siririn farin layi da ya ratsa ta gefe. Kuɗin da aka rubuta a ƙasansa zai sayi fili a unguwarmu har a zuba harsashi. Yaron nan ya tsaya gabansa ya fi minti 10 bai ce uffan ba. Ni kuwa na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba.

To me ake kallo? Wani ilimi ne ake koya kafin ido ya buɗe, ko kuwa masu kuɗi ne ke yaudarar junansu? Mahaifin yaron yana so ya bar fannin ya koma wani, kuma ni ake jira in sa baki. Ba na so in yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba.

Bakatsine_77
Wa alaikumus salam. Ni a ganina, in zane bai yi kama da abin da aka zana ba, mai zanen ne bai iya ba. Akwai wani yaro a layinmu, da biro kaɗai yake zana fuskar mutum, ka rantse da kyamara aka ɗauka. Wannan shi ne gwani. Watsa fenti a ƙyalle kuwa ko ɗan firamare zai yi.

Maman_Walida
Malam Bakatsine, zan yi maka tambaya, ba da raini ba. Hular da ke kanka yanzu, zanen jikinta da me ya yi kama? Aska takwas da ke gaban babbar riga, ka taɓa ganin aska mai wannan siffar a zabirar wanzami? Dagi fa? Amma in aka ajiye maka hula 2, ɗaya ɗinkin hannun gwana, ɗaya ta inji, tun daga nesa za ka nuna ta ƙwarai, ka biya ninkin kuɗi ba ka yi ƙorafi ba.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ɗinkin hula ta yi har idonta ya raunana. Ina ƙarama nakan zauna kusa da ita ina sa mata zare a allura. In ta yi nisa da aiki sai ta tashi ta kai hular bakin ƙofa inda haske yake, ta miƙe hannu ta nisanta ta da fuskarta, ta ƙanƙance ido. Wata rana na ji ta ce, "Shuɗin nan ya danne koren, ba su zauna ba." Ta koma ta zauna ta warware aikin kwana 2, zare bayan zare. Ni a lokacin ban ga laifin komai ba. Da ta sake ɗinkawa da shuɗi mai haske, ko ni na ga hular ta sake. Yaya Abban Sadiq, ina kyautata zaton abin da take kallo a bakin ƙofar nan shi ɗanka yake kallo a Abuja.

Bahaɗeje
Hajiya, ƙaramin gyara. Dagi a asalin kalmar tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa. Sai dai gyaran ma maganarki yake ƙarfafawa, don zanen ya yi nisa da tafin ƙafar har babu mai tuna ta in ya gan shi.

Magini_Zazzau
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne yake rubuta mini, amma gini na gada kaka da kakanni, kuma maganar nan ta shafe ni.

A da in an gama soro ko zaure, an ɗora azara, an yi zankwaye, aiki bai ƙare ba sai an yi wa fuskar gida ado. Ana yaɓa ƙasa da kauri a saman ƙofa, tun tana ɗanya magini ya sa yatsu ya fitar da zanen, ya tausa nan, ya ɗaga can, ya gyara baki da wuƙa ko cokali. In ta sha iska a bi ta da makuba, ko laso wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa kada ya ci. Babu takarda, babu awo. Ubana yakan ja da baya ya tsallaka hanya ya tsaya ya duba, ya dawo ya ɓata wani wuri da tafin hannu ya sake. Kuma ya fi son ya duba da hantsi ko da la'asar, don a lokacin rana ke bugun bangon a karkace, inuwa ta faɗa cikin zanen ya fito. Da tsakar rana zanen kwanciya yake.

Duk wanda ke son ya ga iyakar wannan sana'a ya zo Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Daga baya an kewaye shi da ginin siminti, amma tsohon ginin yana ciki. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin da ke riƙe rufi, ke tashi daga ginshiƙi su haɗu a sama, ka dubi zanen da aka tona a jikin ginshiƙan. Babu mutum, babu dabba, layuka ne da kusurwoyi. Ban taɓa ganin wanda ya shiga ya ce wannan bai yi kama da komai ba don haka ba gwaninta ba ne.

Kuma kada a ɗauka magina ba sa tafiya da zamani. A Zariya an yi gidajen da aka zana takobi a fuskarsu, aka zo aka zana keke da agogo da mota har da jirgin sama. Abin da ya shigo gari shi ke hawa bango.

Abban_Sadiq
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Na yi sallah a masallacin nan ya fi sau 5, wallahi ban taɓa ɗaga kai da niyyar kallo ba.

Malama_Tarihi
Tunda Baba ya kai mu shekara 200 baya, bari in ƙara nisa. A kudancin Kaduna, ƙaramar hukumar Jaba, akwai ƙauyen Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 aka sake samun wani kan kusa da garin Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar ya kai gonar doyarsa ya kafa don korar ɓarna, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi. Shi Fagg ɗin ya lura kawunan salonsu ɗaya, ya sa musu sunan ƙauyen, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Tun 2005 masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna tono tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka nuna mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ƙera siffofin ya bunƙasa daga wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. A Taruga an samu matoyar narkar da tama ta zamaninsu.

Abin da nake so Malam Bakatsine ya lura da shi: ka tsaya gaban kan Nok ka dubi idon. Gira ta lanƙwasa a sama, ƙasan idon ya yi kusurwa kamar alwatika, sai rami zagayayye a tsakiya. Babu ɗan Adam mai irin wannan ido. Kan ma ya fi ƙarfin jikin nesa ba kusa ba. Amma dubi kitson, dubi tsakiyar da aka jera a wuya da ƙugu, ɗaya bayan ɗaya, babu wadda aka yi wa ha'inci. Hannun da ya iya wannan kitson zai iya yin ido irin namu in ya so. Bai so ba ne. Ya zaɓi ya ƙara nan ya rage can don fuskar ta kama mai kallo, kuma ga shi bayan shekara fiye da 2,000 tana kamawa. Ramukan ido da hanci da baki kuma suna da wani amfani: cikin siffar fanko ne, kamar tukunya aka gina ta, ramukan ke barin iska mai zafi ta fita wajen gashi don kada ta fashe.

Abu_Huzaifa
Ku yi haƙuri in katse ku. Ana ta yabon kawuna da fuskoki, babu wanda ya tambayi hukuncin abin. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, ba ɓoyayyu ba ne. Abban Sadiq, kafin ka tambayi ko zane yana da kyau, ka tambayi ko ya halatta. Wannan ita ce shawarar da zan ba ka game da yaron.

Almajirin_Gwani
Malam Abu Huzaifa ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma hadisan tabbatattu ne. Amma a cika bayanin. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, wato mutum-mutumi mai jiki, na abu mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shafe a takarda ko ƙyalle ba su kai shi ga haramci ba, sun tsaya a karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun haramta shi ko a takarda ne. Saɓanin tsoho ne. Inda babu saɓani shi ne abin da ba shi da rai, don Abdullahi ɗan Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar sura in ba makawa ya yi itatuwa da abin da babu rai a cikinsa.

Ka ga ke nan ƙyallen da ya ɗaure wa Abban Sadiq kai, mai ja da baƙi da farin layi, shi ne wanda babu malamin da zai yi magana a kansa. Macen da ke ɗauke da tulu, wadda ta burge shi, ita ce ake saɓani a kai.

Abu_Huzaifa
Na yarda da naƙalin, amma ni na fi natsuwa da masu hanawa. Kuma a makarantun nan ba layi da launi kaɗai ake koyarwa ba, har sassaƙa ake yi. Yaron ya san inda zai tsaya.

Malama_Tarihi
Malam, wannan haƙƙinka ne. Ni dai abin da nake roƙo shi ne a bambanta ƙerawa da adanawa. Kayan Nok shaida ce ta mutanen da suka rayu a ƙasar nan, suka yi noman gero, suka narka ƙarfe. Masu binciken Frankfurt sun fi samun su a farfashe, an binne su da gangan, kuma sun karkata ga cewa suna da alaƙa da al'adun binne mamata. Wanda ya je gidan tarihi ya dube su darasi ya je ɗauka.

Badamagare
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Kun tsaya a shekara 2,000 da 3,000, ku hauro arewa ku ga abin da ya girme su. Tsakanin Agadas da Arlit akwai wuri ana ce masa Dabus. A kan wani falalen dutse an sassaƙa raƙuman dawa 2, babban ya haura mita 5, kuma masana na ba su shekara 6,000 zuwa sama. Na je da ƙafata lokacin ina aikin tuƙi a hanyar. Wani Buzu mai gadin wurin ya hau da mu. Kowane tabo na fatar dabbar an tona kewayensa an goge, ɗaya bayan ɗaya, tun daga wuya har ƙafa, kuma lokacin babu ƙarfe, dutse aka sa aka ci dutse. Daga bakin kowace akwai layi da ya sauko zuwa wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Na tsaya ina duban wurin, ko ina rairayi da duwatsu, babu ciyawar da akuya za ta ƙoshi, amma ga shaidar cewa raƙumin dawa ya yi kiwo a nan. Jikina ya yi sanyi.

Malam Bakatsine zai so wannan, don ya yi kama da abin da aka zana ƙwarai. Ga Baba magini kuma, in Allah ya kawo ka Damagaram ka shiga unguwar Birni, za ka ga 'yan'uwan aikinka a fuskar gidaje, wasu da launi.

Bahaɗeje
Mu ma a Jigawa muna da namu a Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Shanu ne aka zana a jikin dutse, kuma marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yau ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga suke amsawa kamar ƙararrawa. A Yobe ga kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, shekararsa wajen 8,000, tsawonsa ya haura mita 8.

Amma ni takaicina daban ne. Bara na ɗauki 'ya'yana 4 na kai su wani gidan tarihi a wata jiha, ba zan faɗi suna ba. Babu wuta, ɗakin duhu, da fitilar waya muka riƙa haskawa. Gilashin akwatunan ya yi ƙura har ƙaramar ta rubuta sunanta a kai da yatsa. Takardun bayanin sun koɗe. Mai yi wa baƙi bayani an ce ya fita. Yaran suka ce Baba mu tafi. To ta yaya ido zai buɗe? Abban Sadiq ya tambaya ko ilimi ne ake koya. Eh, ana koya, kuma wurin koyon ne muka bari ya lalace.

Uwar_Biyu
Wannan gaskiya ne. Mu a makarantarmu ta 'yan mata darasin zane sunansa kawai ke jikin jadawali. In lokacin ya yi sai a ce a fita shara.

Ɗan_Kwatarkwashi
Ku bar batun ƙura, aƙalla kayan suna nan. A wajenmu a shekarun 1990 mutane suka bar gona suka koma tonon tsofaffin kayan yumɓu a gindin duwatsu. Dillalai na zuwa da mota su saya su tafi. Ina yaro na ga an fito da wani kai an naɗe shi a buhun taki. Abin da aka ba mai tonon bai kai kuɗin tunkiya ba. Yau irinsu suna Turai a cikin gilashi. Ko kayan Nok da aka nuna a gidan tarihi na Luvur da ke Faris a shekarar 2000 sai da aka yi ta rigima a kansu, don ta hanyar fasa-ƙwauri suka bar ƙasar. Kayan fadar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897 an fara dawo da su, Jamus ta miƙa wasu a Abuja a ƙarshen 2022. Namu da muka sayar da hannunmu wa zai dawo mana da su?

Bakatsine_77
Duk na ji, kuma maganar hula ta shige ni, Hajiya. Amma an kauce wa tambayar. Hula ana sawa a kai. Bango yana tsare gida. Masallaci ana sallah a ciki. Ƙyallen Abuja me yake yi? Kuma me ya sa kuɗinsa ya kai na fili?

Ɗan_Maiwurno
Gaisuwa daga Sudan. Malam Bakatsine, allon zayyana me yake yi? Ba a karatu da shi, ba a wanke shi a sha. Ranar sauka ake ba yaro ya riƙe, an cika shi da ja da ruwan ɗorawa da kore, murabba'i cikin murabba'i, da'ira cikin da'ira, sannan a rataye a ɗaki. Kyansa shi ne aikinsa.

A nan muna da Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne, a kan allo ya fara riƙe alƙalami. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje kolinsa, mutanen gari ba su kula ba. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya koma ya dubi abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayansu da shi, ya ɗauko harafin Larabci da zanen allo da launin ƙasa ya shigar cikin aikinsa. Yakan ja harafi ya miƙe shi ya lanƙwasa har ya daina karantuwa ya zama siffa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Duk wanda ya yi makarantar allo in ya ga zanensa zai ji wani abu ya motsa masa, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Mai_Buroshi
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, don ni ma fannin na karanta kuma da shi nake ci. Kawu Abban Sadiq, ga yadda nake yi in na tsaya gaban irin wannan zanen.

Da farko ina ja da baya, kamar yadda mahaifin Baba magini ke tsallaka hanya. Ina lura da inda idona ya fara sauka, da inda ya tafi daga nan, da abin da ya ja shi. A zanen da ka kwatanta, ina jin farin layin nan ne ke riƙe da komai. Ka rufe shi da yatsa daga nesa ka gani, in sauran ya zube ya zama tabo kawai, to mai zanen ya san abin da yake yi. Sannan in matso har in ga kaurin fentin. Wane launi aka fara sawa, wane aka ɗora, ina aka kankare har na ƙasa ya leƙo, ina hannu ya yi sauri, ina ya tsaya. A nan ake ganin wahalar da aka sha da shawarar da aka sauya. Daga nan sai in tambayi kaina me na ji: nauyi, zafi, ƙunci, sarari. Wanda ke jin goge ko algaita ba ya tambayar da me sautin ya yi kama.

Kuma Malam Bakatsine yana da gaskiya ta wani gefen. Akwai masu watsa fenti don ba su iya komai ba, suna fakewa da sunan zamani. Hanyar gane su ita ce ka ce su nuna maka littafin da suke gwaji a ciki. Pikaso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifen, tun yana saurayi yake zana mutum kamar a taɓa, daga baya ya bar hakan da gangan, kuma sassaƙen Afirka da ya gani a wani gidan tarihi na Faris a 1907 na cikin abin da ya juya shi. Tun da kyamara ta fito a 1839 masu zane suka fara tambayar kansu me za su yi wanda ita ba za ta iya ba. Yaron layinku mai biro gwani ne, hannunsa ya zauna. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna mana abin da waya ba za ta ɗauka ba.

Wani abu kuma da ke damuna. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar zane suka ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba, kowa ya koma ga gadon gidansu ya haɗa da abin da ya koya. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Bruce Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Akwai Demas Nwoko, akwai Yusuf Grillo na Legas mai son shuɗi. A Zariya aka yi wannan, tsakiyar zanen bango da zayyana da aska takwas, amma cikin sanannunsu babu ɗan gari. In aka cire ɗan yayarka daga fannin, an sake rage mutum ɗaya da zai yi mana wannan aikin.

Uwar_Biyu
To amma zai ci abinci da shi? Wannan fa shi ne abin da ke ran mahaifinsa, ba wani Pikaso ba.

Mai_Buroshi
Anti, ba zan ɓoye miki ba, da wuya a rayu da sayar da zane kaɗai a Arewa. Ni ina koyarwa, ina tsara bangon littattafai da tambarin kamfanoni, ina zanen atamfa da adon ɗakin taro. Zanen raina da dare nake yi. A shekara in na sayar da 3 na gode Allah.

Malama_Tarihi
Kan batun kuɗi da Malam Bakatsine ya nace a kai: farashi da kyau ba tare suke tafiya kullum ba. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974, ya ɓace shekaru, aka gano shi a wani gida a Landan, aka sayar a 2018 kan fam miliyan 1.2. Sunan mai zanen da labarin ɓatan da gasar masu saye duk suna cikin kuɗin. A ɗaya gefen ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Tulunan ruwa take yi irin na matan Gwari, tana zana kunama da ƙadangare da kada da kifi a jiki, ba ta yi boko ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a fadarsa Michael Cardew, Bature maginin tukwane, ya gan su, ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Tulun da aka yi don ruwa, ranar da masu kuɗi suka waiwaye shi bai ƙara kyau ba, kuɗinsa ne ya tashi.

Bakatsine_77
To a nan mun haɗu, Malama. Kuɗin dai ban yarda da shi ba har gobe. Zanen kuma sai na gani da idona.

Maman_Walida
Ni ma ban ce kowane ƙyalle abin yabo ba ne. Ko a hula akwai ta kasuwa akwai ta gwana.

Abu_Huzaifa
In yaron zai bi hanyar zayyana da rubutu da adon gini, ni mai ƙarfafa masa gwiwa ne. Masallatanmu na yanzu duk tayil ɗin waje ake liƙa musu, kamar ba mu taɓa samun Babban Gwani ba.

Magini_Zazzau
Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo. Yarana 6 maza, babu wanda ya karɓi aikin ƙasa, duk bulo suke yi. Ban ga laifinsu ba, babu mai ba da aikin. Abban Sadiq, in yaron yana so, ka turo shi in an yi hutu. Akwai zaure guda da aka ce in gyara bayan damina. Ya zo da tsofaffin kaya, don makuba ba ta fita a tufafi.

Abban_Sadiq
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya da dare na kira yaron na tambaye shi me ya tsaya yana kallo. Ya ce jan da ke ƙarƙashin baƙin ne, wai an rufe shi amma bai mutu ba, yana ta leƙowa ta inda aka kankare, kuma ya tuna masa garwashin da kakarsa ke binnewa a toka da dare don a samu wutar safe. Ni ban ga haka ba a ranar, kuma ban sani ba ko zan gani in na koma. An ce ana rufe baje kolin ƙarshen wata, ina da shiga Abuja ranar Laraba, zan biya ni kaɗai. Na kuma ce ya kawo mini littafin gwajinsa kamar yadda Mai Buroshi ya ce, in duba kafin in je wurin mahaifinsa. Baba, na gaya masa maganar zauren, ya ce yaushe.

Badamagare
In ka je Larabar ka ɗauko mana hotonsa, daga nesa ɗaya, daga kusa ɗaya, in sun yarda a ɗauka.

Bakatsine_77
Ka tambayo mana kuma ko an saya.